Anti Ƙararrawa da Man Baba Mai Inji

Akwai wata mata da ke shugabantar wata ƙungiya mai zaman kanta a jiharsu. Aikin ƙungiyar shi ne kare masu sayen kaya daga algus, da kare muhalli daga guba da shara. Ba hukuma ba ce, ba ta kama kowa. Makaminta ɗaya, baki.

Shi kuwa bakin nan Allah ya hore wa shugabar. Duk mako tana da fili a rediyo, har mutane suka sa mata suna Anti Ƙararrawa. In ta ambaci sunan kayanka, to ka fara tunanin wata sana'ar.

Yadda suke yi, sukan shiga kasuwa kamar kowa su sayi kaya, su kai ɗakin gwaji. Abin da aka gano shi suke faɗa wa jama'a, ba sani ba sabo.

Wata rana ƙorafi ya yi yawa a kan man girki. Anti ta ce da kanta za ta je. Tana sauri ta leƙa ɗakin ajiyar ofis, ta ga wata roba mai shuɗin murfi, wankakkiya fes, ta jefa a jaka.

Sauran masu mai duk a rufe suke sayar da nasu. Mutum ɗaya ne ke aunawa a abin da ka zo da shi, wani dattijo mai injin matsar mai a ƙarshen layin kasuwa, wanda kowa ke kira Baba mai inji. Ya cika mata robar, har da gyara.

Da sakamako ya fito, man kowa lafiya lau, sai na Baba. An samu burbushin maganin ƙwari a ciki.

Anti ba ta koma ta ji ta bakinsa ba. A makon nan ta hau rediyo ta kira rumfarsa da layinsa, ta ce mutumin da ke shayar da yaran mutane guba bai cancanci a ɗaga masa ƙafa ba.

Kafin wata ya ƙare injin Baba ya yi shiru. Ya sallami ma'aikatansa, ya koma zaman benci yana korar ƙuda.

To, ƙungiyar tana da wani aikin. Sukan bi gonaki su tattaro robobin maganin ƙwari da aka gama da su, don kada mutane su zuba ruwan sha ko abinci a ciki. Anti ce ma ta ƙirƙiro aikin. Ta sha faɗa a rediyo cewa ko an wanke robar da sabulu, gubar ba ta fita.

Ranar da mota ta zo kwashe robobin, tana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya tana ba da umarni. Sai ta ga ana fito da su, reras, duk masu shuɗin murfi. Yoyon rufi ya jiƙa su, takardun jikinsu sun saɓule.

Irin robar da ta kai wa Baba ke nan. Ta zauna a kan wani kwali.

Washegari ta karɓo kwalba mai tsabta daga ɗakin gwaji, ta aiki wata ta sayo ɗan man da ya rage wa Baba. Aka gwada. Babu komai a cikinsa sai mai.

Ta kira mataimakinta ta faɗa masa. Ya rufe ƙofa tukuna.

"Anti, wa ya sani ban da ni da ke?" in ji shi. "Kin san majalisar jiha ta kusa zama kan dokarmu. Shekaru muna fama a tilasta wa kamfanonin maganin ƙwari su riƙa karɓar robobinsu. Kina buɗe baki, sun samu sandan dukanmu. Mu bari a wuce wurin tukuna."

"Shi kuma Baba ya ci me kafin a wuce wurin?"



A gida maigidanta ya lura ta kasa cin abinci. Da ya ji labarin, sai ya dube ta.

"Ke da ko gishiri ya yi yawa a girki sai kin ce laifin cokali ne," ya ce yana murmushi. "Wannan karon fa babu cokalin da za a ɗora wa."

Ta harare shi, amma ta san gaskiya ya faɗa. Kuma ni dai a ganina, wannan ne karo na farko da Anti ta ji tsoron makirufo.

Da safe ta nufi rumfar Baba. 'Yarsa ce ta fara ganinta, ta miƙe tsaye.

"Me kuma kika zo ɗauka? Ai kin gama da mu."

"Bari ta zauna," in ji Baba. "Ba a korar baƙo."

Anti ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta ce gubar daga robarta take, ba daga mansa ba.

Baba ya shafa gefen injin.

"'Yata, na yafe miki," ya ce. "Amma yafiyar nan tsakanina da ke ce. Mutanen da suka daina zuwa ba sa cikin rumfar nan. Ba su ji ki ba."

A filinta na gaba, Anti ta faɗi abin da ta yi da muryar nan tata mai ƙarfi. Ta kira rumfar Baba da layinsa kamar yadda ta kira a farko, ta ce mansa lafiyayye ne, kuskuren nata ne ita kaɗai.

Abin bai zo da sauƙi ba. Aka yi ta mata ba'a a waya. Wasu masu tallafa wa ƙungiyar suka janye. Mataimakinta ya daina haɗa ido da ita.

Ranar zaman majalisa zauren ya cika. Lauyan kamfanonin ya tashi yana gyara riga.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban zaman, "ƙungiyar da shugabarta ba ta iya bambance robar guba da robar mai ba, ita ce za ta koya mana doka?"

Aka kwashe da dariya. Anti ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu daga baya. Baba mai inji ne, ba wanda ya gayyace shi. Aka ba shi dama.

"Gaskiya lauya ya faɗa," in ji Baba. "Ni ne wanda abin ya faɗa wa. Matar nan aikinta ke nan, ita ke gargaɗin mutane, amma robar ta ruɗe ta. To matata fa? Jikokina fa, da ke tsintar robobin nan a bola suna shan ruwa a ciki? Ni ciniki na rasa, kuma an zo an wanke ni. Yaron da ya sha, wa zai dawo da shi?"

Lauyan ya zauna yana jujjuya takardunsa.

Dokar ta wuce daga baya. Masu sayen man Baba sun dawo a hankali, ko da yake ba duka ba, don wasu labarin farko kawai suka ji.

Amma a ranar, a bakin ƙofar zauren, Anti ta tare shi idonta cike da hawaye.

"Baba, bayan abin da na yi maka?"

"Mutane da yawa sun ɓata mini a rayuwa, 'yata," ya ce yana neman takalminsa. "Ke kaɗai ce kika dawo."

Darasi: Kafin ka kira sunan mutum a bainar jama'a, duba hannunka da kyau, ka kuma ji ta bakinsa. In ka yi kuskure, ka gyara shi a inda ka yi shi, da irin muryar da ka yi shi. Amsa laifi ba ya kashe gaskiyar da kake karewa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin yaɗa labari.