Kujerar da Aka Hana Ƙungiyar Mu'tasim

Akwai wani Bahaushen Sudan mai suna Mu'tasim da ke zaune a Arba wa Nus, a gabashin Alƙahira. Shi ne kocin ƙwallon kwando na wata ƙaramar kwaleji wadda yawancin ɗalibanta baƙi ne. Filinsu na siminti ne, kwando ɗaya ma ya karkace.

Duk shekara ana gasar kwalejoji ta ƙungiyoyi goma sha shida. Rukunin ƙananan makarantu kujera ɗaya tak ake ba su, ta wanda ya ci wasan ƙarshe na rukuninsu. Sauran kujerun kwamiti ne ke zaɓa.

A shekarar 2013 ƙungiyar Mu'tasim ta ci wasa goma sha huɗu a jere. Gwaninsu shi ne Sagiru, ɗan Gusau, wanda ke shekarar ƙarshe. Manyan kulob na turo wakilai su kalli gasar, kuma Sagiru ya sa rai wani zai ɗauke shi ya sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, domin tasa za ta ƙare da ƙarewar karatu.

Ranar wasan ƙarshe ya gurɗe a ƙafa tun kafin hutun rabin lokaci. Aka cinye su da maki ɗaya.

Mu'tasim ya kwantar wa 'yan wasansa da hankali, ya ce kwamiti ba zai tsallake mai nasara goma sha huɗu ba. Da aka liƙa sunaye, babu su. Kujerar ƙarshe an ba wata babbar jami'a da aka cinye sau takwas.

Washegari ya ɗauki takardun sakamako ya tafi ofishin kwamiti. Sai bayan azahar shugaban ya yarda ya gan shi, bai ma buɗe takardun ba.

Shugaban ya ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, amma wa kuka doke? Ba ku taɓa karawa da babbar ƙungiya ba."

Mu'tasim ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku ina rubuta musu su buga da mu. Ko ɗaya ba ta amsa ba."

Shugaban ya ce wannan ba aikin kwamiti ba ne, kuma babu mai cika zaure don kallon makarantar da ba a san sunanta ba. Khalas, magana ta ƙare.

Jami'ar da aka zaɓa ta sha kashi da maki arba'in a wasan farko. Jama'a suka yi ta zagin kwamiti kwana biyu, sannan aka manta. Shugaban ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Ƙafar Sagiru ta warke, amma babu wakilin da ya taɓa ganin wasansa. Ya yi wata huɗu yana dakon kaya a kasuwar Ataba, daga nan ya koma gida. A filin jirgi ya ce wa kocinsa, "Malam, da mun ci ashirin ma haka za a yi, ko?"

Da sabuwar shekara ta zo, mutum huɗu ne suka fito atisaye. Ba su kai biyar ɗin da ke cika ƙungiya ba.

Darasi: Idan aka ba ka ikon zaɓe, ka duba aikin mutum, ba girman sunan inda ya fito ba. Zaluncin da ka yi cikin minti biyar yana iya rufe wa wani hanyar rayuwa gaba ɗaya, kuma Allah zai tambaye ka. Ku tura wa wasu, ko zai kai ga mai riƙe da alƙalami.