Ɗakin da Aka Yi wa Inna Alkawari

Akwai wani mutum, manomi, mai zuciyar kirki. Tun da mahaifinsa ya rasu, tsohuwarsa ta koma zama wurin ƙanwarsa, a wani ƙauye hayin kogi. Mijin ƙanwar bai taɓa ɓata mata rai ba, amma kowa ya san zaman gidan suruki: ko tari ya zo maka sai ka danne shi. Abin yana damun mutumin nan ƙwarai. Da kaka ta yi, sai ya haye kogi, ya durƙusa gabanta ya ce, “Inna, bana zan gina miki ɗaki a gidana. Kafin ruwan fari ya sauka, a cikinsa za ki kwana.”

Ta ce, “Allah ya yarda.” Daga ranar ta fara ɗaure 'yan kayanta.

Mutumin ya kama aiki da gaske. Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, magini ya ja bango har ya kai inda za a shimfiɗa azara, wato itacen giginya da ake ɗora rufi a kai. A nan aiki ya tsaya. Wanda ya yi masa alkawarin azara ya faɗo daga itace ya karye. Ana cikin wannan sai 'yarsa Rifkatu ta kwanta ciwo, aka yi ta jinya. Da ta tashi, magini ya riga ya karɓi aiki a wani gari. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifinsa ba ne.

To, a ƙasar nan tamu, idan ginin ƙasa bai sami rufi ba kuma damina ta matso, akwai abin da ake yi. Sai a lulluɓe kan bangon da ciyawa, a danne da itace, ruwa ya riƙa zubewa gefe. Haka bango zai haye damina lafiya, a ci gaba da rani. Aikin bai kai na yini ba. Sai dai duk wanda ya wuce ya ga ciyawa a kan bango, ya san maigida ya sallama, ɗakin nan ba na bana ba ne.

Matarsa ta yanko ciyawa ta tara a tsakar gida. Ta ce masa, “Baban Rifkatu, shamuwa ta dawo kan tsamiya. Ka rufe kan bangon nan.”

Ya ce, “In na ɗora ciyawa, kafin rana ta faɗi labari ya haye kogi ya sami Inna.”

Ta ce, “To ai gaskiya ce za ta haye. Bari ta haye.”

Ya ce, “Azara na nan zuwa mako mai zuwa.”

Ta ce, “Wannan makon naka mai zuwa, tun ana sussukar gero yake tafe. Shi ma karyewa ya yi a hanya?”

Ya yi dariya, ya ɗauki fartanya ya fita. Awaki suka cinye ciyawar.

Idan maƙwabta suka tambaye shi a bakin majami'a, sai ya ce, “Saura kaɗan.” Da tsohuwa ta aiko a ji labarin gini, ya ce a gaya mata saura kaɗan.

Ruwan fari ya sauka, bango ya jiƙe, rana ta fito ya bushe. Mutumin ya shafa bango ya ce wa matarsa, “Kin gani? Ko gezau.” Bayan wannan sai sama ta buɗe. Ruwa ya riƙa shiga ta kan bango yana bin tsakanin tubali, ƙasa tana zubowa ja kamar kunu. Wata rana mutumin yana gona yana noman fari, bangon gabas ya kwanta, ya ja na kudu.

Ita kuwa tsohuwa, da ta ji an ce saura kaɗan, ta ji tsoron kada kogi ya cika ya tare ta. Ta bi gida gida ta yi sallama, ta raba tukwanenta ga jikoki, ta gode wa surukinta, ta hayo da ƙunshinta a ka. Ta tsaya gaban tulin ƙasa, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Wannan ne?”

Ya ce, “Shi ne, Inna.”

Ta ce, “Ɗan nan, jira bai taɓa gagarata ba. Da ka aiko ka ce, Inna, bana bai yiwu ba, da na kwance kayana na zauna. Yanzu na yi sallama da mutane. Da wane ido zan koma?”

Mutumin ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Wani maƙwabcinsa da ya zo jaje ya ce, “Ashe azara ce ta tsayar da kai? Ga tawa a bayan rumbu, gara na shirin cinyewa. Ni na ji kana cewa saura kaɗan.”

Ɗaki ɗaya ne a gidan. Matar ta roƙi tsohuwa ta shiga, su su koma madafa. Ta ƙi, ta ce ba za ta fitar da ɗanta daga ɗakinsa ba. A madafa ta yi damina, cikin hayaƙi da yoyo. Tari ya kama ta, kafin a yanke dawa Ubangiji ya kira ta. Da rani ɗan ya sake ginin, ya yi rufi mai kyau. Ɗakin yana nan, gyaɗa ake ajiyewa a ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce: jinkiri ba zunubi ba ne. Ciwo yana zuwa, magini yana tafiya, wanda ka dogara da shi yana karyewa. Ubangiji ya san ƙarfinmu, ba ya hukunta mutum don aikinsa ya tsaya. Kada kowa ya fita daga nan yana zagin mutumin nan. Ya ƙaunaci uwarsa fiye da yadda wasunku suke ƙaunar tasu. Abin da ya rushe ɗakin shi ne, da aiki ya tsaya, ya ƙi yarda ya tsaya. Ya ji kunyar ciyawa, bai ji tsoron ruwa ba.

Bangon nan shi ne duk abin da ka fara ba ka gama ba: gidan da ka sa iyalinka suke jira, sulhun da kika ce za ki yi da 'yar'uwarki, tuban da ake ta ɗagawa sai bayan girbi. Ciyawa ita ce faɗin gaskiya da tawali'u: “Ban iya ba bana, ku taimake ni.” Ba ta da kyan gani, na sani. Amma ita ke tsare abin da ka riga ka sha wahala a kai, ita ke buɗe bakin maƙwabcin da Allah ya ajiye wa abin da kake nema. Ikilisiya ba za ta ɗauki kayan da aka ɓoye mata ba.

Ku maza masu gini a tsaye, da ku nake, kada ku duba na kusa da ku. Ku mata kuma, kada ku ce maganar maza ce, akwai alkawarin da kuka bari a buɗe. Wani yana can ya ɗaure kayansa saboda maganar bakinka, kwanakinsa kuwa ba a hannunka suke ba. In an tashi sujada yau, kafin ka sa tuwo a baki, je ka same shi, ka gaya masa inda aikin ya tsaya.