Injin Jirgin Saman Da Ke Bayan Ɗakin Gado

Akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da Tama, sunansa Gado. Manomin gero ne kamar kowa. Abu ɗaya ya bambanta shi da mutanen garin: a bayan ɗakinsa, ƙarƙashin rumfar kara, akwai injin jirgin sama.

Tun yana saurayi injin ya shigo hannunsa. Wata shekara da fara ta yi ɓarna, wani Bature ya zo da ƙaramin jirgi mai feshin magani, yana sauka a kan fako bayan gari. Jirgin ba ya tashi da makulli, sai an juya farfela da hannu. Gado yana da tsawo da ƙarfi, sai aka ɗauke shi wannan aiki.

Baturen ne ya ba shi tarihin injin. Ƙirar Ingila ne, kuma ya girmi matuƙin kansa. Silinda huɗu gare shi a jere, iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Da farko maƙeransa sun yi shi kai sama kamar kowane inji, amma kan yana tare wa matuƙi gani. Sai suka sake ƙira, suka kifar da shi, kai ƙasa, bututun hayaƙi suna kallon ƙasa.

Wata rana iska mai ƙarfi ta ɗaga jirgin a inda aka ɗaure shi, ta karya fukafukansa. Aka kwance injin. Baturen ya bar wa Gado ajiyarsa, ya ce ya riƙa ba shi mai yana juya farfela don kada fiston su kama, zai dawo ya ɗauka.

Bai dawo ba.

Gado bai fasa ba. Kullum bayan sallar asuba zai shiga rumfa, ya goge ƙura, ya kama farfela ya juya a hankali, yana sauraron yadda injin ke shaƙar iska yana fesarwa. Matarsa Rabi ta rasu. Ɗiyarsa Mardiyya ta yi aure a Keita. Gida ya zama daga shi sai wannan numfashi na ƙarfe, kuma burinsa bai wuce ya mutu ya bar injin yana juyawa ba.

Sai dai Gado yana da girman kai a kan abin. Ba ya bari a taɓa, ba ya amsa tambaya. In mutum ya leƙa rumfar, sai ya ce masa kallo ma da iyaka.

Maƙwabcinsa Abdallah, sa'ansa ne, shi ke gyara injinan ban ruwa a lambunan kwari. Yakan tsaya a bakin rumfa ya yi masa ba'a, ya tambaye shi yadda amarya ta kwana. Sau da yawa kuma ya tambaye shi da gaske dalilin da ya sa yake ajiye inji a kife. Gado sai ya yi kamar bai ji ba.

Ranar da Abdallah ya miƙa hannu zai taɓa farfela, Gado ya buge hannun a gaban mutane.

"Hannun da ke tonon laka cikin famfo ba shi taɓa abin sama."

Abdallah ya dubi hannunsa, ya ce to, ya tafi. Daga ranar sai gaisuwa ta kan danga.

Bara, gab da damina, ciwon mara ya kayar da Gado. Mardiyya ta zo da mota ta kai shi likita a Tahoua. Yana kwance a bayan motar, abin da ya iya faɗa wa masu rakiya shi ne kada kowa ya taɓa masa farfela. Ya ɗauka kwana kaɗan zai yi. Aka yi masa aiki, ciwon ya ƙi warkewa da wuri, Mardiyya ta riƙe shi a Keita har aka fara yankan gero.

A tsakiyar damina hadari ya rushe rumfar. Injin ya faɗo daga kan itacen da aka ɗora shi, ya kwanta cikin taɓo. Abdallah ya hango ta kan danga. Ya tuna dukan da aka yi wa hannunsa, ya yi kwana biyu yana kau da kai, sannan ya kasa. Ya kira maza suka cicciɓe shi, ya wanke shi tas da ruwa da sabulu. Da aka zo ajiyewa, sai ya sa aka tsayar da shi kai sama, yadda ya san kowane inji yana zama, a gindin bishiya, kafin a sake rumfa bayan damina.

Farfela kuwa bai taɓa ba, tunda an hana.

Bututun hayaƙi suka koma kallon sama. Duk ruwan da aka yi, yana gangarawa ciki yana kwanciya a kan fiston.

Da Gado ya dawo, ko ɗaki bai shiga ba. Ya dogara sanda ya zagaya baya. Ya tarar da injin tsaf, Abdallah na tsaye gefe yana murmushi, yana jiran a ce masa sannu. Gado ya ga kan injin a sama. Ya kama farfela. Ba ta motsa ba. Ya jefar da sanda ya sa hannu biyu, har ɗinkin cikinsa ya yi zafi. Kamar yana tura dutse.

Ya juyo zai buɗe baki, Abdallah ya riga shi.

"Gado, shekara nawa ina tambayarka mi ya sa yake a kife? Ka taɓa gaya mini?"

Gado ya zauna a ƙasa. A nan, a karon farko, ya faɗi komai: zancen matuƙi da gani, zancen bututu, zancen mai. Bayanin bai kai tsawon shan shayi ba. Abdallah ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce in da ya san wannan, da tabarma ɗaya ta isa ta tsare shi.

Suka kifar da injin, jan ruwa mai tsatsa ya zubo. Suka cire buji, wato fulogogin wuta, suka jiƙa injin da gazuwal, man dizal ke nan, suka yi ta gwadawa har sanyi ya shigo. Bai saki ba. Daga baya aikin albasa ya taso a kwari, Abdallah ya koma ga injinan mutane.

Yanzu Gado a ƙofar gida yake wuni. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi, ya ce ya shigo ya ga inji, ya taɓa in yana so, zai gaya masa yadda aka ƙera shi. Mutane sukan gaishe shi da ladabi, su ce sai wani lokaci, su wuce. Sun daɗe da saba wa ƙafafunsu da hanyar da ba ta bi ta gidansa.

Darasi: Abin da ka sani, ka faɗa wa na kusa da kai tun kana da lafiya, domin ranar da ka kwanta su ne za su riƙe maka abin da kake so, kuma da abin da ka koya musu za su riƙe shi. Kada ka wulaƙanta mai tambaya. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai irin halin Gado a cikin danginku.