Sarkin da Ya So a Kankare Shafi

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni na bakin kogi, mai taushin zuciya har abin ya so ya yi yawa. In ka yi kuka a gabansa, ka ci shari'a. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba, don na san masu mulkin da ko albasa ba ta sa su hawaye.

Akwai wani tsoho mai ɗinkin littattafai, Malam Gwadabe, da ke zuwa bayan la'asar yana karanta masa abin da fatake suka kawo. A lokacin suna kan wani ƙagaggen labari da aka juya zuwa Larabci, na wani basaraken Ingila wai shi Ambros. Sarki ya ƙaunaci Ambros kamar ɗan'uwansa, domin mutum ne mai kyauta, wanda ya ɗauka duk wanda ya ci abincinsa ba zai yi masa ƙarya ba.

To, a birnin akwai masaƙa gida arba'in da suka gudo daga hannun wani azzalumin sarki na ƙetaren kogi, suka sauya sunaye, suka zauna lafiya. Sai manzon azzalumin ya zo, ya sa hannu a akushi ɗaya da sarki, ya yi kuka ya ce ubangidansa ya tuba. Wai yana son sunayen masaƙan na asali, da na dangin da suka baro, don a mayar musu da gonakinsu. Sarki ya tambayi masaƙan, suka faɗa masa saboda sun amince da shi. Da hantsi manzo ya kama hanyar mashigi da takardar sunayen a aljihu.

Da la'asar Malam Gwadabe ya buɗe littafi. Ga wani baƙo mai daɗin baki ya zo wa Ambros daga gwamna, yana neman sunayen manoman da suka kai kuka a ɓoye, wai don a share musu hawaye. Ambros ya bayar. Aka kame su, aka zuba a jirgin ruwa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Matansu suka zo ƙofarsa suna kiran sunansa. Ya gane abin da ya faru sarai, amma ya sa aka rufe ƙofa, ya je majalisa ya rantse cewa baƙonsa mutumin kirki ne. Haka ya tsufa shi kaɗai, ba mai cin abincinsa.

Sarki ya share ido da hannun riga, ya ce, "Malam, kana da wuƙa, kana da tawada. Kankare shafin nan ka rubuta masa wani."

"Ya sarki, wanne? Inda aka ruɗe shi, ko inda ya rufe ƙofa?"

"Inda aka ruɗe shi."

"In na kankare wannan, na kankare mutumin da kake ƙauna. Hannun da ya ba da abinci, shi ya ba da sunayen."

"To, a ina ya faɗi?"

"Ranar da aka ruɗe shi tuntuɓe ya yi. Ranar da ya gane, ya ji tsoron a ce masa wawa fiye da tsoron kukan matan, ran nan ya faɗi."

Sarki ya ce, "Da gangan ka zaɓo shafin nan yau?"

"A'a, ranka ya daɗe, nan muka tsaya jiya. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina karantawa ina tuna manzon nan."

"Kana nufin manzon maƙaryaci ne?"

"Ban sani ba, ya sarki, kai ma ba ka sani ba. Sai dai in ka yi kuskure, ba wuyanka ke cikin takardar ba."

Sarki ya ce a hankali, "Sarki ba ya magana biyu."

Tsoho ya dube shi da tausayi, ya ce, "Tawadar Ambros ta bushe tun ba a haife mu ba. Taka kuwa tana bakin mashigi, don masu fito ba sa ƙetarawa sai iska ta kwanta."

Sarki bai aiki kowa ba, da kansa ya hau doki. Ya tarar da manzo yana jiran kwalekwale, ya nemi takardarsa a gaban masu fito da mata masu tallan kifi. Nan take fuskar manzo ta sauya, idon da ya yi kuka ya bushe ƙayau. Ya ce, "Ashe yaro ke sarauta a nan, ya ba da kyauta da safe ya karɓe da yamma!"

"Ka gaya wa ubangidanka haka," in ji sarki. "Ba ni takardar."

Ya tsuguna ya tsoma ta a kogi, ya murza har ta koma fara. Daga nan ya wuce unguwar masaƙa, ya tuɓe takalmi a ƙofar dattijonsu, ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba. 'Yar dattijon kuwa na cikin waɗanda aka baro a ƙetare. Duk da haka tsohon ya janyo tabarma ya ce, "Zauna, ranka ya daɗe, ka sha rana."

Masu hikima suka ce, gara a yi wa sarki dariya da a yi wa talakansa zaman makoki, wannan shi ne adalci.