Ranar da Aka Fitar da Baba Yero Daga Gayya

Akwai wani saurayi a Wurma ta ƙasar Kurfi, sunansa Sabitu. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, shi kaɗai ne a garinsu ya kai jami'a a Zariya, yana karatun yadda ake tafiyar da aiki a masana'antu. Har wata masaƙa aka kai su a Kaduna. Abin da ya fi zauna masa a kai shi ne faɗar malaminsu: in hannu ɗaya ya yi nauyi, duk aikin sai ya tsaya.

Da hutun damina ya sauka daga lori a Dutsin-Ma, ya ƙarasa gida a keken aro. Ya tarar gayyar noma ta zagayo gonarsu. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, sai mahaifiyarsa, Inna Yahanasu. A garin kuwa, gidan da ya fitar da hannu gonar wasu shi ake yi wa gayya.

Sabitu ya fito da farar riga da agogo, ya roƙi Sarkin Noma Tukur ya bar masa tsarin aikin. Ya jera majiya ƙarfi gaba, ya sa a riƙa bin manoma da ruwa don kada kowa ya bar kuyyarsa. Gaskiya aiki ya yi gudu.

Sai ya hango Baba Yero can baya yana ɗingishi. Bafillace ne da ya zauna gari bayan shanunsa sun ƙare, aminin marigayin. Duk wanda ya fitar da kuyyarsa sai ya juyo ya taya shi.

Sabitu ya ce, "Baba, koma inuwa. Kai ke riƙe mutane."

"Ɗana, ai ina tafe, ko da sannu ne."

"Sannun ce ba a so. A masaƙa da tuni an sallame ka."

Gangar noma ta yi tsit. Tsoho ya saɓa hauyarsa, ya kama hanya, ko furar gayya bai kurɓa ba.

Kafin azahar an gama gonar. Sabitu ya shiga gida yana jiran yabo. Inna Yahanasu, da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta kuma dubansa ido da ido. Tana tuƙa tuwo ta ce wa tukunya:

"Ko wani ya taɓa tambaya, tun da mai gidan nan ya kwanta dama, ɗa kuma yana makaranta, wane namiji ke fita gayya da sunanmu? Yero ne. Kowace gona ya yi tasa kuyyar, ya yi tamu, da ƙafar nan tasa. Ya ce kada a faɗa wa yaron, karatunsa zai rikice. Yanzu ga shi ya ce wanda aka kora daga gayya ba ya kiran gayya. Geronsa na can ciyawa na shaƙe shi. Allah dai Ya rufa mana asiri."



Bayan sallar asuba ya je ya durƙusa ƙofar Baba Yero, ya kasa ɗaga kai. Tsoho ya ce, "Ba komai, ɗana." Amma kiran gayya, ya ce a'a. Fulako ba ya janye magana.

Sabitu ya bi gida gida yana kira da bakinsa. Sarkin Noma ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "To, ɗan boko, da agogon za ka yi noman?"

"Da hauyar mahaifina, Sarki."

Aka hallara gonar Baba Yero, mai gonar bai fito ba. Sabitu ya tuɓe farar riga ya shiga sahu. Kafin hantsi hannunsa ya yi bororo, ya fashe. Kowa ya fitar da kuyyarsa, shi ko rabi bai kai ba. Sarkin Noma ya hana a taya shi. Wani ya ɗaga murya daga inuwa:

"A masaƙa da tuni an sallame ka!"

Dariya ta ɓarke. Sabitu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai ajiye hauyar ba.

Can sai ya ji sara daga ɗaya ƙarshen kuyyar. Ya ɗaga kai. Baba Yero ne, yana ɗingishi, yana nomowa wajensa. Suka haɗu a tsakiya. Tsoho ya kama hannun da ya fashe, ya duba, ya ce:

"Sannu, ɗan aminina. Nan ba a sallamar kowa. Zo mu sha fura."

Darasi: Ilimi ni'ima ce daga Allah, amma kafin ka ce wani ya yi nauyi, bincika ko kayanka ne a kansa. Ku isar da wannan ga 'ya'yanmu masu karatu, ko Allah Ya sa wani ya tuna da wanda ya tsaya masa.