Irin Geron Tabawa

Ku matso kusa, a daina surutu. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa, Tabawa, mai gona ɗaya da ƙwaryar irin gero ɗaya tak. Ran nan, gab da damina, sai ga Tunau ɗan koli da jakinsa, yana tallan gishiri da allura da madubi. Ruwa bai taɓa dukan kayansa a hanya ba, shi ya sa kowa ke tambayarsa labarin sama. Tabawa ta tambaye shi. Ya ce ruwa jibi, ba makawa.

Sai ta kwashi irin nan kaf ta binne a busasshiyar ƙasa. Kwana tara ko yayyafi babu. Zabi suka tone irin, suka cinye.

Sai ta ci ɗamara, ta bi sawun jaki, ta cim masa a gindin wata kuka.

"Ɗan nan, jibin wace shekara ka ce?"

Ya ce Iya ta yi haƙuri, ba da ka ya faɗa ba. Tururuwa ya gani suna kwasar ƙwai suna hawa tudu.

Sai ta nufi gidan tururuwa, ta tambaye su wa ya ce musu ruwa na tafe. Suka ce su kukan kwaɗi suka ji, kuma tun kakanni in kwaɗo ya yi kuka sai a kwashe ƙwai.

Sai ta gangara busasshen kududdufi, ta tono kwaɗo. Ya ce suna barci a ƙarƙashin laka ruwa ya ɗigo musu a ka, suka ɗauka damina ce.

Tabawa ba ta barin zance a rabi. Ta tambaye shi ko ruwan ya game kududdufin. Ya ce wuri ɗaya ya jiƙa. Ta tambaye shi ƙamshinsa. Kwaɗo ya ce, "Gaskiya, Iya, warin jemammiyar fata yake yi."

Sai ta koma wurin Tunau, ta ce ya juyo salkar ruwansa. Ga huji nan, an ɗinke da sabon zare. Ya sunkuyar da kai, ya ce ta yoye ranar da ya huta a bakin kududdufin.

"Kai ka yi ruwan, kai ka kawo labarinsa. To, da me kake tsere wa ruwan gaske?"

Ya ce da gishiri. In ruwa ya kusa, gishiri kan yi gumi a cikin mangala. Amma ranar da ta tambaye shi ya riga ya sayar da shi duka, kuma ya ji kunyar cewa bai sani ba. Ya miƙo mata madubi, ta ce madubi ba ya tsiro, iri take so, ƙwarya cike, ba a shafe baki ba.

Sai da ya zaga ƙauye uku yana musanya allura da gero kafin ƙwaryar ta cika. Ya ɗora mata curin gishiri a kai.

Ta rataye gishirin a ƙofar ɗaki, kullum da safe sai ta taɓa. Maƙwabta na shuka, ita tana jira. Ran da yatsanta ya jiƙe, ta fita ta shuka. Kafin ta kai kunyar ƙarshe, ɗigon farko ya sauka mata a ƙeya.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, kada ya jawo wa wani asarar iri.