Rawanin Madugu da Huhun Goro

A zamanin da, a wata ƙasa mai cin arzikin fataucin goro, madugun Sarki ya rasu. Fatake biyu suka nemi rawanin, Jatau da Nomau.

Waziri Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, a raba ayari biyu, kowa ya ja rabi. Wanda ya riga shigowa ƙofar gari da ɗanyen goro, rawani nasa. Ɗayan kuwa ya bar fatauci har abada." Sarki ya ce an yi.

To, Jatau mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Ya san nauyin da ke bayan kowane jaki, kullum safe sai an buɗe huhu an yayyafa ruwa, an tsince mai tsutsa. Amma bai taɓa tambayar kowa yaya gajiya ba. Nomau kuwa, kai! Ya san sunan kowa har da na 'ya'yansa, amma tambaye shi huhu nawa ya ɗauko, sai ya sosa ƙeya.

A hanyar dawowa suka haɗu a bakin kogi, kogin ya cika ya batse. Jatau ya yi ta ba da umarni, mutanensa suka zauna, suka ce ko za a yanka su ba su shiga. Nomau ya tuɓe riga, ya ɗora huhu a ka, ya ce, "Wanda ya ga na nutse ya koma!" Ya faɗa ruwa, mutanensa suka bi shi har hayi.

Can ya buɗe huhu ya duba. Goro ya fara yaushi, kwana tara ba wanda ya tuna da yayyafi.

Ya sake iyo ya dawo, ya ce, "Malam Jatau, ka ceci gorona, ni in haye da mutanenka."

Jatau ya ce, "Girman kai rawanin tsiya. Bismilla."

Nomau ya haye da mutanen Jatau, Jatau ya yi ta yayyafa wa goron Nomau ruwa har ya farfaɗo. Ranar Juma'a suka shigo ƙofa kafaɗa da kafaɗa, mata na guɗa. Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Wa ya riga?"

Waziri ya yi dariya. "Allah ya ba ka nasara, da ma abin da nake jira ke nan. Jatau ya iya kaya, Nomau ya iya mutane, ayari kuwa kaya ne da mutane."

Sarki ya ɓare goro, ya ji shi ƙas, ya yi murmushi. Ya naɗa Nomau madugu, ya danƙa wa Jatau jakuna da kaya duka.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe, amma ba na fita ƙofa sai Jatau ya ce an ɗaure kaya."

Shekara ashirin suna tafiya tare, goro bai sake yaushi ba, ba a kuma bar mutum ko ɗaya a bakin kogi ba.